Wasiƙun ɗan tiyatar (wasan kwaikwayo) na zamanin Sarauniya Biktoriya, mi ke cikinsu?

'Yar Bagalam:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min, ina karatun Ingilishi a jami'a nan Maradi, an ba rukuninmu aiki kan wasiƙun wani ɗan wasan kwaikwayo na Ingila wai shi Henry Irving, ranar Litinin za mu tsaya gaban aji mu yi bayani kuma wallahi har yanzu ban gane kan abin ba. Mutum sana'arshi hawa dandamali, to mi ya kai mu ga wasiƙunshi? Ni dai na ɗauka gaisuwa ce kawai da ina gajiya ina iyali.

Mushe na Sabon Gari:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Gaisuwa na ciki amma ba ita ce babba ba. Irving ba ɗan wasa ne kawai ba, tun 1878 shi ke riƙe da gidan tiyatar na Lyceum a Landan, kenan shi ne mai gida shi ne jarumi, albashin ma'aikata da kayan ado da ɗinkin tufafi duk a wuyanshi. Lokacin kuwa komi da takarda ake yinshi. Marubuci ya aiko da wasanshi a duba, yarinya na roƙon a gwada ta, wani na neman kujera kyauta, tsohon ɗan wasa da duniya ta juya ma baya na neman taimako, ga shirin tahiya Amurka wadda sunka fara a 1883, jirgin ruwa da masauki da jigilar kaya, duk sai an rubuta.

Abin da zai burge malaminku shi ne yawancin wasiƙun da ke ɗauke da sunan Irving ba shi ya rubuta su da hannunshi ba. Manajanshi ne, Bram Stoker, wanda ya rubuta littafin Dracula a 1897. Shekara 27 yana tare da shi har Irving ya rasu a Bradford a 1905, kuma da bakinshi ya ce ya rubuta wasiƙa kusan rabin miliyan da sunan maigidan nashi.

Ɗan Mokoyo:
Rabin miliyan?? Kai Mushe tsaya in buga a waya. Shekara 27, ya kama wajen 50 kullum ba hutu ba Lahadi, da alƙalamin tsoma ma tawada. Ni saƙo goma in na rubuta ma masu sayen kayana yatsa ya gaji sai in koma vokal. Amma ku ce min, kuɗin tambur fa? ai sai ya cinye ribar gidan.

Mushe na Sabon Gari:
Bai ci ba, tun 1840 Ingila ta maida kuɗin aika wasiƙa kwabo guda ko ina cikin ƙasa, kuma cikin Landan ana rabon wasiƙu sau da yawa a yini, ka aika gayyatar cin abincin dare da sahe amsa ta iso ka kahin la'asar. Irving na da ɗaki a bayan Lyceum inda yake tara manya su ci abinci bayan an tashi wasa, da irin wannan hulɗa ce ɗan wasa, wanda da ake ma kallon ɗan iska, ya kai ga Sarauniya ta ba shi sarautar Sir a 1895, shi ne ɗan wasa na farko da ya samu. Ƙanwata ki sa Ellen Terry ma cikin aikinki, ita ce jarumar da ke fitowa tare da shi. Ta yi shekaru suna musayar wasiƙu da marubuci George Bernard Shaw, suna gari guda amma kusan ba su haɗuwa, shi kuwa Shaw yana ta caccakar Irving a jarida yana kuma zuga ta a wasiƙa. An buga wasiƙun nasu littafi a 1931 bayan rasuwarta.

Tsohon ɗan Samariya:
'Yata, ni ban san Irving ba amma na san tiyatar. Zamanin Kunce munka yi wasa a samariyar unguwarmu, muna shirin gasa ta matasa, ni ke rubuta takardun ƙungiya saboda ni kaɗai na kai aji shida a lekol. Takardar neman aron benci, ta neman mota, ta roƙon wani uba ya bar ɗiyarshi ta hito a wasa, wannan sai da na rubuta ta sau uku kuma bai yarda ba, dole wani yaro ya ɗaura zane ya zama amarya. Duk na aje kwafinsu cikin kwalin sabulu bisa rumbu, ruwa ya zubo wata damina, abin da ya rage gara ta ƙarasa. Yanzu jikokina in na ce na taɓa hitowa sarki sai su yi dariya.

'Yar Bagalam:
Allah sarki Baba, wallahi labarinka zan fara da shi ranar Litinin in ka yarda. Mushe na gode ƙwarai, amma tambaya guda, in Stoker ne ya rubuta Irving ya sa hannu, a cikin bayanin namu wasiƙar wa za mu ce?

Tsohon ɗan Samariya:
Na yarda 'yata, amma kar ki faɗi wanda ya yi amaryar, limami ne yanzu.