In an rubuta "medikal" a jikin kaya, likita ya amince da shi ke nan?

Baban Khalifa: Jama'a ku raba mu gardama. Ni a sanina duk abin da ka ga an rubuta masa medikal a jiki, man shafawa ne ko safar hannu ko na'urar awon jini ko ma katifa, to likitoci sun duba shi sun sa hannu, don ba kalmar da ake barin kowa ya ɗauka ya manna ba ce. Ko ba haka ba?

Maman Ilham: Wallahi Baban Khalifa ba haka ba ne, kuma wannan fahimtar tana cutar da mutane sosai. Kalmar tana nuna abu ya shafi harkar lafiya ne kawai, ba hatimi ba ce. Ɗauki man fuskar nan da ake cewa medikal gired, a Amurka ma hukumar kula da abinci da magunguna, wato FDA, ba ta da wani rukuni mai wannan suna, kayan kwalliya ba sa jiran amincewarta kafin su shiga kasuwa in ban da launin da ake zuba musu, to kamfani ne ya ga dama ya rubuta don ki ji kamar daga asibiti ya fito ki saya da kwanciyar hankali.

Baban Khalifa: To na ji na mai. Na'urori fa Anti? Kina nufin kowa zai ƙera abin awon suga ya sayar?

Musa Injiniya: A nan kam Yaya kana da gaskiya amma rabi. Na'urorin asibiti suna da doka. Amurka tun 1976 ta kasa su aji uku gwargwadon haɗarinsu, aji na ɗaya irin su bandeji da ɗan katakon nan da ake danne harshe da shi, aji na uku irin na'urar da ake dasawa a ƙirji tana daidaita bugun zuciya, wannan sai an kawo hujjar gwaji kafin a yarda a sayar. Tarayyar Turai ma ta yi sabuwar doka a 2017 ta fara aiki a Mayun 2021. Sai dai abin da ke nuna an bi dokar shi ne rajista da alamar hukuma, ba kalmar da aka buga da manyan baƙaƙe a gaban kwali ba.

Ummi: Kun manta lokacin korona ne? Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta a 2020 ta raba takunkumi, na medikal daban na yadi daban, kuma takunkumin da ake kira N95 an ce yana tace kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyin da ke iska. Ai ka ga a nan kalmar tana da ma'ana, ba ado ba ce.

Maman Ilham: Tana da ita Ummi, a bakin hukuma. Amma a 2020 ɗin dai jabun takunkumi ya cika duniya, duk da kalmar a jikinsu. Na riƙe wani a hannuna, kwalin fes, rubutu ras, ina ja igiyar kunnen ta tsinke, na yaga shi na ga shafi biyu ne babu na tsakiyan da ke tacewa.

Sadiq: Ni abin da ya fi damuna ma ba kasuwa ba ne, cikin asibiti ne. Mu ɗalibai an koya mana cewa a can kalmar ta fi haka ƙunci. In an ce mara lafiya na medikal ne ana nufin da magani za a bi shi ba da wuƙa ba, shi ya sa ake da ɗakin kwanciya na medikal daban na tiyata daban. Mai hawan jini ko ciwon suga ko namoniya can ake kai shi. To sai likita ya fito ya ce wa dangi matsalar medikal ce ya wuce da sauri, su kuma su tsaya cirko-cirko, wani ya ɗauka an ce abin ya yi tsanani wani ya ɗauka an ce ba komai, alhali cewa aka yi ba za a shiga tiyata ba. Kuma ba a ce ciwon ƙarami ne ba fa, ciwon zuciya ma ana iya kiransa haka.

Alhaji Garba: Ikon Allah. Ashe mai tiyata ba medikal ba ne?

Sadiq: Shi ma likita ne Alhaji, makaranta ɗaya suka yi, rabon aiki ne mai tsohon tarihi. A Ingila masu tiyata da wanzamai ƙungiya ɗaya suke tun 1540 sai 1745 suka rabu, har yau likitan tiyata a can Mista ake ce masa ba Dakta ba.

Abba: Mu dai 'yan ƙwallo medikal ɗaya muka sani, wanda ɗan wasa ke yi kafin ya sa hannu. Kanu da ya bar Ajax ya koma Inter Milan a 1996 a wajen irin wannan gwajin, bayan ya riga ya sa hannu, aka gano matsala a zuciyarsa, aka yi masa aiki a Amurka ya dawo ya ci gaba da wasa har Arsenal.

Baban Khalifa: Yawwa Abba! Kun ji ko, medikal ya ceci ransa. Kalmar ba ta banza ba ce.

Musa Injiniya: Yaya ai likitoci ne suka kwantar da shi suka duba zuciyar da na'ura suka rubuta rahoto da sunansu a ƙasa, in sun yi kuskure akwai wanda za a kama. Wa za ka kama a kan katifa?

Alhaji Garba: Ni ina bayan Baban Khalifa ta wani ɓangaren. In har mutum irinsa mai karatu ya ɗauka haka, to tsohuwar da jikanta ya karanta mata kwali fa? Laifin ba na mai saye ba ne. Kamata ya yi a hana duk wanda ba shi da rajista rubuta kalmar, a wuce wurin.

Maman Ilham: Da zan so hakan Alhaji, amma kalma ce ta yau da gobe, ɗalibin medikal, takardar medikal, hutun medikal, inshorar medikal, ta ina za a fara hanawa? Kuma ka hana wannan gobe su koma rubuta kilinikal, dama wasu sun fara.

Baban Khalifa: Ni dai har yanzu ina ganin in kaya biyu suna gabana ɗaya da kalmar ɗaya babu, mai kalmar zan ɗauka.

Maman Ilham: Ɗauka, amma don Allah juya bayan kwalin tukuna. Sunan kamfani da adireshinsa, lambar rajista, lambar zubin da aka yi, ranar lalacewa. In na'urar awon jini ce kuma ka tafi da ita ranar ganin likita a auna ka da tasu a auna ka da taka a gani ko sun yi kusa.

Ummi: Anti ta awon suga ma ana iya yin haka?

Maman Ilham: Ana yi, ki je da ita ranar da za a ɗibi jininki a lab, ki auna a lokacin.