Tururuwata sun ƙi haƙa rami, ina mafita?

Baban Ummi: Salam 'yan uwa, ɗana ne ya matsa min sai mun haɗa gidan tururuwa a kwalba, na zuba yashi na ɗebo kusan guda 30 na saka, yau kwana 4 kenan ko rami ɗaya babu, sai zagaye suke a bakin murfi wasu har sun mutu, abin ya dame ni wallahi. A ina na kuskure?

Mai_Kwari: Malam yashi busasshe zubewa yake shi ya sa. Ka gauraya shi da ƙasa ka ɗan yayyafa ruwa ya yi danshi amma kar ya zama caɓi. Ka sa ƙaramar kwalba a rufe cikin babbar, ƙasar ta zauna a tsakaninsu kamar santimita 1 zuwa 2, dole su haƙa a jikin gilashi kana gani, sannan ka naɗe da baƙar takarda don duhu suke so, kar rana ta buge ta. Murfin kuma a huda da allura.

Maman Sadiq: Daga gida ɗaya ka ɗebo su kuwa? In an haɗa gida biyu kashe juna suke. Kuma in babu sarauniya mai yin ƙwai, za su haƙa amma a hankali za su ƙare. Ni bayan ruwan sama na tsinci tawa ta yar da fuka-fukanta.

Baban Ummi: Kash, wuri biyu na ɗebo. Abinci fa?

Mai_Kwari: Ruwan sukari a auduga, da mataccen ƙwaro jefi-jefi, ragowar ka cire kafin ta yi funfuna.