Kuɗin fenti ko kuɗin mai tsara nuni?

Hajiya Zainabu: Assalamu alaikum ƴan gida. Ga abin da kwamiti ya kawo, ina so kowa ya faɗi nasa kafin zaman Asabar. Kun san gidanmu na nunin zane da ke Yantala, a Yamai, ba don riba aka buɗe shi ba. Ko dala ba ma karɓa daga zanen da aka sayar, kuɗin haya da na wuta daga aljihunmu suke fita. Bana mun samu ɗan tallafi. Shawarar kwamiti ita ce a ware kashi ɗaya cikin uku a koya wa matasa biyu aikin tsara nuni, wato wanda zai zaɓi ayyuka, ya rubuta bayaninsu, ya rataya su, ya kira jama'a. Sauran ya tafi kayan aiki. Baba Idi ya ce Yamai ba ta da buƙatar mai tsara nuni yanzu. Bismillah.

Baba Idi: Wa alaikumus salam. Na faɗa a kwamiti, zan maimaita a nan. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil ta iyakarmu da Benin a 2023, kayan da suka saba zuwa mana ta Kwatano sai sun zagayo ta Lome da Burkina, kuma fenti ba shinkafa ba ne da ɗan kasuwa zai yi gaggawar ɗaukowa. Ku shiga ɗakin baya ku ga da me yaran nan suke aiki. Akoko suke saye a kasuwa, su shafe shi da gam ɗin kafinta da farin fentin gida, su zana a kai da ragowar gwangwanin da masu fentin gini suka bari. Damina ɗaya ya fara ɓarewa. Yaro mai hannu yana zaune mako guda don ba shi da shuɗi. A wannan halin za a ɗauki kashi ɗaya cikin uku a ba wanda ba zai ja layi ko ɗaya ba? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A fara samun zane tukuna.

Rabi: Baba, ku gafarce ni, duk abin da kuka faɗa a kan kayan aiki gaskiya ne, ni ma da wannan akokon nake aiki. Amma zanen akwai shi, ɓacewa yake yi. Bara na ga sanarwar wani nuni a waje, suna neman matasa. Abin da suka tambaya shi ne hoton kowane aiki mai kyau, tsawonsa da faɗinsa, shekarar da aka yi shi, da abin da aka yi shi da shi, sai ɗan bayani a kaina. Ayyukana mafi kyau duk na sayar da su a bakin otal, ban ɗauki hotonsu ba, ban san hannun wa suke ba. Na zauna da fom a gabana ba abin da zan cika. Da ƙarin fenti aka ba ni a lokacin, da na ƙara zana wasu su ma su bi hanyar na farko.

Sani mai hoto: Rabi, wannan aikin hoto ne, ni zan yi miki shi kyauta. Ba sai an naɗa mana sarki ba. Abin da nake tsoro ke nan, don na gani da idona. An taɓa shirya wani nuni a garin nan, wanda aka ɗora a kai ya zaɓi abokansa, ya rubuta dogon Faransanci a bango wanda ko masu zanen ba su gane kansu a ciki ba. Ranar buɗewa shi aka yi ta hira da shi, masu aikin suna tsaye a gefe. Duk wanda ka ba ikon cewa wannan ya shiga, wancan ya jira, ka ba shi wuyan ƴan uwansa.

Mushe Lawali: Ina gaishe ku daga Tawa. Baba Idi, ina so ku tuna Yama, nan kusa da mu. Alhaji Falke Barmu ya fara masallacin Juma'ar garin a 1962, da ƙasa da itace, mutanen gari suna kawo ruwa da laka. A 1986 masallacin ya samu lambar yabo ta Aga Khan a fannin gine-gine. Masu ba da wannan lambar sai sun aiko mutum ya gani, ya auna, ya ɗauki hoto, ya rubuta, sannan alƙalai su duba. Wannan rubutun ne ya kai sunan magini daga ƙauyen Adar har inda ake koyar da gini a duniya. Sannan ku dubi Dandaji. Tsohon masallacin da Falke ya gina ya so lalacewa, mai zanen gine-gine Mariam Issoufou da abokiyar aikinta suka gyara shi ya koma ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Sai da aka samu mai idon da ya san darajar abin kafin ya tsira.

Baba Idi: Mushe, ka kawo mini hujjata da kanka. Falke ya yi shekaru yana cuɗa laka kafin mai awo ya zo. Da babu masallaci me za a auna?

Mushe Lawali: Haka ne Baba. Amma Falke nawa aka yi a Adar da ba wanda ya zo ya auna nasu? Ruwa ya cinye ginin, sunan ya bi shi.

Rabi: Yaya Sani, na gode da tayin hoto, zan zo. Sai dai hoto kaɗai bai isa ba. A nuninmu na ƙarshe mun rataya komai yadda ƙusa ta samu, babban zane ya danne ƙarami, wani yana fuskantar taga rana tana cin launinsa, ƙurar hunturu ta kwanta a kan na ƙasa. Mutane sun shigo sun zagaya sun fita, ba wanda ya tsaya ya yi tambaya don ba wanda zai amsa. Kowannenmu yana gadin nasa ne kawai. Ana bukatar mutum ɗaya da zai dubi ɗakin gaba ɗaya.

Hadiza: Ni ɗaliba ce a jami'ar Abdu Mumuni, ba na zane, kuma ba zan ɓoye ba, ina cikin masu son wannan horon. Wuraren da suka ɗaga matasa a yankinmu masu tsara nuni ne suka kafa su. Bisi Silva ta buɗe cibiyarta ta zane a Yaba, Legas, a 2007, da ɗakin karatu, daga baya ta ƙirƙiro makarantar Asiko mai yawo ƙasa ƙasa tana haɗa masu zane da masu tsarawa a aji ɗaya. Koyo Kouoh ta kafa cibiyar zane ta RAW Material Company a Dakar a 2008. Ita ce aka zaɓa ta shirya babban nunin zane na birnin Benis, a Italiya, na 2026, mace ta farko daga Afirka, kafin rasuwarta a watan Mayun 2025. Duka wuraren biyu ba na riba ba ne, kamar namu.

Sani mai hoto: Hadiza, Dakar tana da babban nunin Dak'Art tun shekarun 1990, tana da makarantar koyon zane, tana da masu saye. Bamako tana da taron masu hoto tun 1994. Mu fa? Turawan da ke saye yawancinsu sun tafi. Wa mai tsara nunin zai tsara wa?

Hadiza: Mutanen Yamai, Yaya Sani. Nan ne na fi ganin amfaninsa. Da muna jiran baƙo ya zo cibiyar al'adun Faransa ya saya. Yau cibiyar ma sunan Mustafa Alasan take ɗauke da shi tun 2024, mutumin da ya zauna a Tawa yana zana fina-finansa da hannunsa. Gidan tarihi na Bubu Hama yana nan tun 1959, ranar salla ba ka samun wurin taka ƙafa, kenan jama'a suna son kallo. Ba a gayyace su namu ba ne da harshen da suke ji. Mahaifiyata ba za ta karanta bayanin Faransanci ba, amma in an yi mata da Hausa ko Zabarmanci, ko a naɗa a waya ta saurara, za ta tsaya. Akwai kuma masu ƙyamar zanen abu mai rai, wannan ba a ɓoye yake ba. Wanda ya san garin zai iya jera allon zayyana na mahaddata, da adon bangon Birnin Damagaram, da aikin yaranmu a ɗaki ɗaya, alhajin da bai taɓa taka gidan zane ba ya shigo ya ga abin da ya sani tun yana yaro. Daga nan ake samun mai saye na gida, ɗan kasuwa ko mai otal ko banki.

Baba Idi: Ƴata, maganar zayyana ta shige ni, ba zan ƙi gaskiya ba. Amma kashi ɗaya cikin uku ya yi yawa, a nan nake har yanzu. Mutum ɗaya, ba biyu ba. Kuma ya fara da share ɗakin ajiya, don gara ta fara cin firam ɗin da ke jingine da bango.

Sani mai hoto: Ni sharaɗina daban ne. Wa'adin shekara ɗaya, ba ya saka aikin ɗan gidansu, kuma duk abin da zai rubuta a kan mutum sai ya karanta masa ya yarda kafin ya hau bango. Wanda aka bari a waje a faɗa masa dalili a gaban kowa. In ba haka ba ƙuri'ata a'a ce.

Rabi: Na yarda da sharuɗɗan Yaya Sani duka. Ban yarda da mutum ɗaya ba, Baba. Mutum ɗaya shi ne sarkin da ake tsoro. In su biyu ne, ɗaya zai riƙa ja da ɗaya.

Hajiya Zainabu: To, na rubuta uku: yawan kason, mutum ɗaya ko biyu, da sharuɗɗan Sani. Akwai na huɗu da ba wanda ya taɓa, wato wa zai koyar da su, kuma wa zai zaɓe su, tunda Hadiza tana nema ba za ta zauna a zaɓen ba. Asabar bayan la'asar. Baba Idi, ku taho da lissafin abin da fenti da akoko za su ci na shekara, mu ga ko kashi biyun da suka rage za su ɗauka. Mushe Lawali, za mu kira ka ta waya.