Ciwon damuwa: cuta ce ko raunin tawakkali?

Gardama ta kaure a wata majalisa a Tudun Wadan Zariya. Wani dattijo ya ce ciwon damuwa raunin tawakkali ne kawai. Wani ma'aikacin jinya ya ce, "Baba, mai hawan jini ma yana addu'a, amma yana shan magani." Ni dai bayan ma'aikacin jinyar nake.

Abin da aka tsayar: in baƙin ciki, rashin barci da gudun mutane suka wuce mako 2, a ga likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. A daina cewa "cire abin a ranka". Wanda ya ambaci kashe kansa kuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.