Wane kayan gwajin ruwa zan fara saya wa tankin murjani?

Baban Hafsa (Garwa):
Salamu alaikum jama'a. Na haɗa tankin gilashi na ruwan gishiri mai lita 200, duwatsu na ciki, kifi bai shiga ba tukuna. Murjani mai rai na teku nake son kiwo. Ƙanena zai taso daga Duwala mako mai zuwa, ya ce in turo masa sunayen kayan gwajin ruwa. Na leƙa intanet kaina ya ɗaure da sunayen kamfanoni: Salifert, Red Sea, API, Hanna, ga kuma 'yan takardun nan da ake tsomawa a ruwa. Aljihu ba zai ɗauki duka ba. Da wanne zan fara?

Alhaji na Njamena:
Wa alaikumus salam, Baban Hafsa. Takardun tsomawa ka manta da su, launinsu ƙiyasi ne kawai. Fara da rifraktomita na auna gishiri, a haɗo maka da ruwan saita shi na 35 ppt (gishiri kashi 35 cikin dubu). A ma'aunin nauyin ruwa da ke jikinsa, gishirinka ya tsaya 1.025 zuwa 1.026. Da hunturu ruwa na tashi ya bar gishiri a tanki, sai ka riƙa cikawa da tataccen ruwa mara gishiri. Tunda tankin sabo ne, kana bukatar na amoniya da nitrit, gubar da ke fitowa daga dattin tanki, su biyun sai sun sauka sifili kafin kifi ya shiga. A nan API mai araha ya wadatar.

Inda za ka saki kuɗi shi ne gwajin KH, wato ƙarfin ruwa na kare kansa daga yin tsami. Shi ne mai saurin motsi da zarar murjani masu ƙashi sun fara girma. Riƙe shi wajen 8 zuwa 9, kada ya riƙa hawa da sauka. Ni Salifert nake amfani da shi: ɗigo-ɗigo da sirinji har launi ya juya, sai ka duba jadawali. Yi shi da rana kusa da taga, kwan lantarki na ruɗin ido. Kalsiyam 400 zuwa 450, maganiziyam wajen 1300, amma waɗannan za su iya jiran tafiya ta gaba.

Maman Iman (Ngawundare):
Alhaji, a gwajin fosfet dai, sinadarin nan da ke ciyar da gansakuka, ban yarda da ido ba. Wa zai bambance 0.03 da 0.1 a shuɗin da ko ganinsa ba a yi sosai? Na'urar Hanna ta fi, lamba take nunawa. Sai dai kowane gwaji na cin ƙunshin hoda guda, kwali 25 ne, don haka a sayo da yawa. A goge kwalbar tas, zanen yatsa na canza lamba.

Alhaji na Njamena:
Gaskiyarki, Hajiya. Amma ku Ngawundare kuna da sanyi. Zafin Garwa a watan Afrilu ya kan haura digiri 40, maganin gwaji kuma ba ya son zafi. Ƙanenka ya duba ranar lalacewa a jikin kwali, kada kuma kayan su hau saman mota.

Baban Hafsa (Garwa):
Allah ya saka da alheri. Gwajin nitret fa (abin da nitrit ke komawa), in saya yanzu ko sai kifi ya shiga?