Masai mara tanki, zai yi a gida kuwa?

Mai gyaran gida:
Salam jama'a, dan Allah ina neman shawara. Banɗakina ƙarami ne sosai, ina so in sa masan nan mara tanki a baya saboda baya cin waje, amma ance ba kowane gida yake yi ba, gaskiya ne?

Mai aikin famfo:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ne Malam, tunda baya tara ruwa, kai tsaye daga bututu yake kora, to in ruwanka bashi da ƙarfi wallahi sai ka danna sau biyu sau uku bai tafi ba. Irin na asibitoci da ma'aikatu bututu mai inci 1 yake so, na gidaje kuma yawanci rabin inci ne, kaga sai an fasa bango an canza.

'Yar uwarku:
Akwai mai ɗan inji a ciki da yake ƙara ma ruwan ƙarfi, amma fa da wuta yake aiki, in an ɗauke sai dai bokiti. Mara injin kuma ƙara gare shi da daddare.

Mai gyaran gida:
Na gode sosai. Ruwana daga tankin sama yake saukowa, bari in sa a gwada ƙarfinsa tukuna.