Kaska ta maƙale a bayan kunnen kyanwata, yaya zan cire ta lafiya?

Mai Kyanwa:

Assalamu alaikum. Ina da kyanwa 'yar kimanin shekara 2, wadda takan fita cikin ciyawa da yamma ta dawo. Jiya da daddare ina shafa ta sai yatsana ya ci karo da wani ɗan ƙullutu a bayan kunnenta na hagu. Da na buɗa gashin na haska fitila, sai na ga abu ne mai launin toka, sumul, ya ɗan fi kan ashana girma, ga kuma 'yan ƙafafu suna motsi a gindinsa. Na kai hannu zan fizge, ita kuwa ta yakushe ni ta shige ƙarƙashin gado.

Wata maƙwabciyata ta ce in lafta wa kaskar basilin domin numfashinta ya toshe ta faɗo da kanta, wani kuma ya ce in ɗiga mata kananzir ko in kanga mata wutar ashana. Akwai kuma ragowar maganin kaska na ɗigawa da muka saya wa kare a bara, ina tunanin ko in sa mata kaɗan. Babban tsorona shi ne kada in ja, kan kaskar ya karye ya zauna a cikin fata. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan abin.

Malamin Dabbobi:

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin komai, ki ɗauke maganin karen nan ki ajiye shi inda kyanwar ba za ta kai ba, domin ya fi kaskar hatsari nesa ba kusa ba. Da yawa daga cikin magungunan ɗigawa na karnuka suna ɗauke da sinadarin da za ki ga an rubuta permethrin a jikin kwalinsu, kuma hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi ta fitar kamar yadda ta kare take yi, saboda haka ɗigo kaɗan yana iya jawo mata dalalar yawu da karkarwa da fizge-fizge, har ta kai ga mutuwa. Ko karen aka ɗiga wa, ana so a raba shi da kyanwa na tsawon awa 72.

Shawarar basilin da kananzir da ashana ma ki yi watsi da ita. Kaska ba ta bukatar iska sosai, tana iya ɗaukar sa'o'i a ƙarƙashin mai ba ta saki ba, alhali abin da ake gudu shi ne daɗewarta a jiki, tun da wasu ƙwayoyin cutar da take ɗauke da su sai ta yi sama da awa 24 tana tsotso kafin su ƙetara. Takura mata kuma yana iya sa ta ƙara zuba yawunta a cikin raunin. Kananzir zai ƙona fata, sannan kyanwa za ta lashe shi, don babu abin da za ki shafa wa kyanwa da ba zai ƙare a bakinta ba.

Abin da ke riƙe da kaska bakinta ne, wanda yake da ƙananan ƙayoyi masu kallon baya, kuma nau'o'i da yawa suna fitar da wani abu mai danƙo da ke like bakin da fata. Shi ya sa fizga take karya shi. Ki sami hantsaki mai siririn baki, ki sa safar hannu, ki buɗa gashin har ki ga inda kaskar ta haɗu da fata. Nan za ki kama, dab da fatar, ba a kumburarren cikinta ba, domin matsa cikin tamkar matsa sirinji ne. Daga nan ki ja sama a miƙe, da ƙarfi madaidaici wanda ba ya yankewa, kada ki murɗa, kada ki yi gaggawa. Za ki ga fatar ta ɗan ɗago kamar tanti, ki daure a haka, bayan 'yan daƙiƙoƙi za ta saki. Ki goge wurin da ruwan gishiri, wato ƙaramin cokali ɗaya a cikin rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce. Ki guji magungunan wanke rauni masu sinadarin fenol, irin waɗanda suke sa ruwa ya yi fari idan an zuba su, domin su ma guba ne ga kyanwa.

Uwar Mage:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma a ganina rabin aikin yana wajen riƙe kyanwar, musamman wadda ta riga ta tsorata. Kada ki bi ta da gudu ki kamo, ki jira sai ta kwanta tana gyangyaɗi. Ki shimfiɗa tawul babba, ki ɗora ta a tsakiya, ki naɗe ta tsaf har ƙafafu huɗu su shige, kai kaɗai ya rage a waje, sannan wani ya rungume ta a ƙirjinsa ke kuma ki yi aikin. Idan ta fara haki ko ta yi ta ƙugi tana neman cizo, ku sake ta ku jinkirta, ko ku kai ta wurin likitan dabbobi. Haka kuma idan kaskar tana cikin ramin kunne ko a fatar ido, ban ga amfanin gwadawa a gida ba.

Inda na ɗan sha bamban da Malam shi ne kayan aiki. Ni na fi son 'yar ƙugiyar roba da ake ƙerawa musamman domin cire kaska, mai tsaga a baki. Ana zura tsagar ta gefe a ƙarƙashin kaskar, a ɗan ɗaga, a juya ta sau biyu ko uku zuwa ɓangare ɗaya, sai ta fito. Ita wannan juyawa ake yi da ita, kuma ba ta matsa cikin kaskar ko kaɗan, abin da ke da wuyar kiyayewa da hantsaki idan hannu yana rawa.

Kuma ki tabbatar abin da za ki ja kaska ce. Ke kin ga ƙafafu, to babu shakka. Ni na taɓa kama nonon muzuruna da hantsaki ina zaton kaska ce, domin a lokacin ban san maza ma suna da su ba, yawanci guda 6 zuwa 8 a jere a ciki. Ƙarar da ya yi har yau ban manta ba.

Ɗan Kiwo:

Ina so in ƙara da abin da ya shafi lafiyarki ke kanki, Malama. Kada ki murƙushe kaskar da farce, domin wasu cututtukan kaska suna kama mutum ta jininta idan ya taɓa rauni ko ido. Ki jefa ta cikin ƙaramar kwalba mai ɗan sifirit ki rufe, ki rubuta kwanan wata a jiki, ko da likita zai bukaci ganin nau'inta. Kada kuma ki yar da ita a ƙasa da rai, domin macen da ta ƙoshi da jini tana iya zuba dubban ƙwai, kuma akwai wata kaskar karnuka mai ruwan ƙasa da ke iya hayayyafa a cikin ɗaki, a tsagar bango da ƙarƙashin shimfiɗa. Tun da kuna da kare, shi ma a duba shi.

Mai Kyanwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun naɗe ta a tawul ni da ƙanwata, na ja da hantsaki kamar yadda Malam ya ce, ta fito tana motsi. Da na ci gaba da dubawa na sami wata ƙarama a ƙarƙashin haɓa, amma ita da na cire sai wani ɗan baƙin ɗigo ya rage a fatar. Shin in tono shi da allura? Maganin karen kuwa na duba kwalin, sinadarin da aka ambata yana ciki, jikina har ya yi sanyi.

Malamin Dabbobi:

Kada ki tono, Malama. Guntun baki ne kawai, ba ya da rai kuma ba ya ci gaba da tsotso, jiki zai turo shi waje da kansa kamar yadda yake turo sartse, alhali allura za ta faɗaɗa raunin ta shigar da datti. Ɗan ƙullutu mai tauri a wurin cizon yana iya ɗaukar mako 1 zuwa 2 kafin ya baje. Abin da zai sa ki kai ta asibiti shi ne kumburi mai ƙaruwa, ko zafi, ko mugunya.

A makonnin da ke tafe ki sa ido a kan cin abincinta da kuzarinta. Ki ɗaga leɓenta ki dubi dasashi, wanda ya kamata ya kasance ja-ja mai haske. Idan ya yi fari ko ya koma rawaya, ko ta daina ci, ko ƙafafun baya suka rasa ƙarfi, ki kai ta ba tare da jinkiri ba, ki tafi da kwalbar kaskar nan. Kada ki ba ta farasitamol ko da jikinta ya yi zafi, domin ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Game da rigakafi, akwai magungunan ɗigawa da aka yi domin kyanwa, kamar masu fipronil da ake maimaitawa kowane wata, da masu fluralaner da ke kai kusan mako 12. A auna nauyinta tukuna, likita ya zaɓa mata wanda ya dace, a ɗiga a ƙeya inda harshenta ba ya kai. Duk ranar da ta dawo daga ciyawa kuma, ki bi kai da wuya da kunnuwa da yatsunki, domin sauran jiki tana share shi da harshe, nan ne ba ta iya kaiwa.